Horon ilmin taurari na ƙasa da ƙasa: a nema da wuri, a daidaita shi da samaniyar Zariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan fannin da ba a cika tayar da zancensa a Arewa ba, wato ilmin taurari, da kuma shirye-shiryen horarwa da ƙungiyoyin duniya ke gudanarwa domin ƙasashe masu tasowa. Mu malaman kimiyya ne a Zariya. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, horon nan yana nan a buɗe, da yawansa kyauta, wani har da masauki da abinci, amma ɗalibanmu da malamanmu ba su da labarinsa, waɗanda suka ji kuma sukan tashi nema bayan an rufe ƙofa. Idan ma an samu, akan kwaso tsarin da aka yi domin samaniyar Turai a ce za a yi aiki da shi a nan ba tare da gyara ba, sai ya ƙi ci.

Uwar tafiyar ita ce Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, IAU, wadda aka kafa a 1919. Tun 1967 take gudanar da makarantar matasan masana taurari da ake kira ISYA, ta kusan mako uku, domin masu karatun digiri na biyu, kuma tana zagayawa ne daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2011 ƙungiyar ta buɗe ofishin amfani da ilmin taurari wajen raya ƙasa, OAD, a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Reshensa na Afirka ta Yamma yana nan gida Najeriya, a Cibiyar Nazarin Kimiyyar Sararin Samaniya da ke Nsukka, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Akwai kuma ofishin da ke kula da koyarwa a makarantu, OAE, a Heidelberg ta Jamus, wanda ke da wakilai a ƙasashe. Mafi kusa da ɗalibin digiri na farko ita ce makarantar da aka fara a Abuja a 2013 da sunan WAISSYA, aka yi ta a Nsukka da Accra, daga baya ta faɗaɗa ta koma PASEA ta Afirka baki ɗaya. Mako guda ake yi, kuma abin da ya fi burge mu a tsarinta shi ne ɗalibi ne ke fito da tambaya ya bi ta da kansa, sannan ana haɗa malamin Afirka da na waje su koyar tare. Wanda ya gama digirin fiziks ko lissafi da sakamako mai kyau yana iya neman difloma ta shekara ɗaya a cibiyar ICTP da ke Trieste ta Italiya, wadda Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964, kuma ita ce ke ɗaukar nauyin waɗanda ta zaɓa. Shirin DARA kuwa, da Jami'ar Leeds ta jagoranta daga 2015 domin koyar da binciken samaniya ta igiyar rediyo, an tsara shi ne domin ƙasashe takwas da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a aikin SKA, wato gina babbar na'urar sauraron samaniya ta igiyar rediyo, irin su Gana da Kenya da Zambiya, kuma Najeriya ba ta cikin takwas ɗin. Mun faɗi wannan ne don ɗalibi ya riƙa karanta sharaɗin ƙasa kafin ya ɓata mako yana cike fom.

Abin da ke kayar da masu nema ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Takardu ne. Sanarwa takan fito watanni kafin a fara, a ba da 'yan makonni a rufe. Wanda bai da fasfo a hannu, bai karɓi cikakken sakamakon karatunsa daga jami'a ba, bai kuma yi magana da malaman da za su rubuta masa wasiƙar shaida ba, to ya makara tun ranar da sanarwar ta fito. Wasiƙar shaidar nan yawanci malamin ne da kansa zai tura ta intanet, don haka a sanar da shi da wuri, a ba shi bayanin shirin, a kuma tuna masa cikin ladabi kafin ranar rufewa. Wasiƙar da ke cewa kawai yaro ne mai biyayya ba ta amfanar da kowa. Wadda ake so ita ce mai faɗin darasin da ya ɗauka, da aikin da ya yi, da inda ya yi fice. Ita ma wasiƙar da ɗalibi zai rubuta da hannunsa, kada ya cika ta da cewa tun yana yaro yake son taurari, domin kowa haka yake rubutawa. Ya faɗi abin da ya taɓa aunawa ko ya lissafa, da abin da zai yi a makarantarsa idan ya dawo. Sannan ya je da ɗan abin hannu a harshen kwamfuta na Python: karanta fayil ɗin lambobi, zana jadawali, daidaita layi a kan ɗigogi. Wanda ya isa can bai taɓa yin wannan ba, rabin kwanakin horon zai tafi yana koyon abin da zai iya koya a Samaru da kwamfutar aro.

Masu neman tallafin OAD su lura da abu ɗaya. Kiran yakan fito sau ɗaya a shekara, a mataki biyu, kuma ba kuɗin sayen babbar na'ura ba ne. Suna tambaya ne: wace matsala ce ta al'umma za a taɓa, su wa za su amfana, ta yaya za a auna ko an ci nasara? Takardar da ta ce za a wayar da kan jama'a ta tsaya nan ba ta da ƙarfi. Wadda ta ce za a horar da malaman kimiyya na makarantun 'yan mata a ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da Giwa, a gwada su kafin horo da bayansa, a koma azuzuwansu bayan zango guda a ga abin da suke koyarwa, ita ce ake karantawa har ƙarshe.

A ganinmu horon malamai ya fi komai riba, domin malami ɗaya yana gaban ɗaruruwan yara kowace shekara, kuma Zariya gari ne na horar da malamai. Shirin NASE na IAU a kan wannan aka gina shi: kwas na 'yan kwanaki da ake yi da kwali da zare da kwan fitila da madubi, da sharaɗin cewa waɗanda aka horar za su kafa ƙungiya su riƙa maimaita kwas ɗin da kansu. Sai dai a nan ne gyaran da muka ambata yake zama dole. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa inuwar tsakar rana arewa take fuskanta kullum. A Zariya, da ke wajen digiri 11 arewa da layin ikwaita, ba haka ba ne. Wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta rana takan tsaya daidai tsakiyar ka, sanda a tsaye ta rasa inuwa, kuma tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar zawali kudu take faɗuwa. Littafin zai ce Yuli ne tsakiyar zafi, alhali yaron da ke zaune a aji ya san Maris da Afrilu ne ake kwana a waje. Malamin da ya karanta wa yara littafin yadda yake, ya koya musu cewa kimiyya daban, abin da ido ke gani daban.

Haka batun lokacin taro. Baƙin malamai sun fi samun sarari a Yuli da Agusta, lokacin hutunsu, mu kuma lokacin ne hadari ke rufe sama, a yi dare da yawa a jere ba a ga tauraro ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu gajimare, amma ƙurar hunturu takan shafe duk abin da ke ƙasa-ƙasa, ta dushe na sama. Lokacin da ya fi dacewa da kallo shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, sama a wanke, hazo bai yi kauri ba. Duk wanda zai gayyato masu horarwa ya faɗa musu wannan tun a wasiƙar farko. A kuma duba kwanan wata: wanda ke son nuna ramuka da duwatsun wata ya sa taron tsakanin 6 da 9 ga watan Musulunci, lokacin da inuwa ke fito da su, daren sha huɗu haske ne kawai mai kashe ido. Wanda ke son ganin taurari masu ƙarancin haske ya jira ƙarshen wata, ya fita bayan gari, wajen Kufena ko hanyar Shika, nesa da fitilu, ya ba idonsa minti 20 a duhu ba tare da duba waya ba.

Na'urar hangen nesa ita ce abin da kowa ke fara roƙo, ita ce kuma ke fara mutuwa a sito. Girman bakin da ke tara haske shi ne ma'auni, ba yawan ninkin da aka rubuta a kwali ba. Ninki mai amfani bai wuce faɗin bakin a milimita sau biyu ba, don haka na'ura mai baki milimita 60 da aka ce tana ninka abu sau 500, a gaskiya iyakarta wajen 120. Ga makaranta, mun fi ba da shawarar mai madubi ta milimita 150 ko 200 da ke zaune a kan akwatin katako, wadda ake kira Dobson: ba ta son lantarki, ana juya ta da hannu, kafinta zai iya gyara mazauninta. Idan tsawon haskenta milimita 1200 ne, gilashin ido na milimita 25 zai ba da ninki 48, na milimita 10 ya ba da 120, kuma wannan ya isa a ga zoben duniyar Zuhal da watanni huɗu na duniyar Mushtari. Mai mazaunin da sai an saita shi da tauraron arewa tana wahalarwa a nan, domin tauraron digiri 11 kacal yake sama da ƙasa, katanga ko bishiya ko hazo sun isa su ɓoye shi, kuma a wasu samfurori ƙarfen nauyin yakan bugi ƙafar na'urar idan aka kwantar da ita haka. Mai kwamfuta a ciki tana cin batir, ranar da wayarta ta tsinke kuma shi ke nan. Makarantar da ba ta da hali ta sayi tabarau mai hangen nesa na 10×50 guda uku ko huɗu. Da shi Kaza da 'Ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ta zama gommai.

Ga inda ake yin ɓarna. Ɗan madubin saiti da ke gefe, tun kafin dare ake daidaita shi, a kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisa. Wanda ya bari sai dare zai yi ta lalube yara na jira. A fitar da na'urar waje rabin sa'a kafin a fara domin madubin ya huce, in ba haka ba hoton zai riƙa rawa. Bayan tafiya a hanya mai gargada madubin yakan goce: a ɗan kawar da saitin tauraro mai haske, idan zobban da suka fito ba su zagaye juna daidai ba, sai a gyara da kusoshi ukun da ke bayan madubin. Ƙura kuwa, kada a taɓa goge ta da hankici ko bakin riga, domin ƙurar hunturu yashi ce, fatar madubin kuma siririya ce a sama take. Ɗan ƙura ba ya hana gani. Idan datti ya yi yawa, a cire madubin, a jiƙa a ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, a ja auduga a hankali a cikin ruwan ba dannawa, a ɗauraye da tataccen ruwa na ɗakin gwaji, a jingine ya bushe da kansa. Da damina abokin gaba shi ne danshi: na'urar da aka rufe da raɓa a jikinta takan yi funfuna a gilashi, kuma funfunar tana cin fatar. A bar ta ta sha iska, a sa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi a akwatin. Sama da duka, a damƙa ta ga malami guda da aka horar, a ba shi makulli da littafin aro. Na'urar da ke kulle a ofis don kada ta lalace ta riga ta lalace.

Akwai aikin da ba ya bukatar ko sisi, kuma shi ne muke so kowane malami ya fara da shi: auna kewayen duniya da sanda. Nsukka da Zariya kusan a layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, tazarar kai tsaye wajen kilomita 470. A ranar 21 ga Maris ko 23 ga Satumba, makaranta a nan da makaranta a can su kafa sanda mai tsawon mita 1 a daɓe mai lebur, a tabbatar ta miƙe da zare mai dutse a ƙasa. A riƙa sa alama a bakin inuwar duk bayan minti biyar, a ɗauki mafi gajarta. A Zariya za ta kai kusan santimita 19 da rabi, wato digiri 11; a Nsukka wajen santimita 12, kusan digiri 7. Bambancin digiri 4.2 ne. A raba 360 da 4.2, a ninka da 470, sai ga kusan kilomita 40,000. Kurakuran sanannu ne. Ana aunawa da ƙarfe 12 daidai, alhali zawali a Zariya yana faɗawa ne tsakanin 12:13 da 12:43 gwargwadon watan, domin agogon Najeriya an saita shi da layin da ke gabas da mu. Ana amfani da nisan hanyar mota maimakon na taswira. Sanda takan karkace, kuma kuskuren santimita ɗaya a inuwa ya haura rabin digiri, wato sama da kilomita 60 a ƙasa.

Wasu iyaye suna ɗari-ɗari da fannin saboda suna haɗa shi da duba. Amsar da ta fi gamsarwa ita ce a nuna musu amfaninsa a abin da suka damu da shi. Alƙibla daga Zariya tana wajen digiri 67 daga arewa, wato gabas da karkata digiri 23 zuwa arewa. A 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana tsaye a kan Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuma ta zana masa layin alƙibla ba tare da kamfas ba. Haka duban jinjirin wata. Hukunci na Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne da kwamitinsa. Aikin lissafi shi ne ya gaya wa mai duba inda zai kalla da lokacin da zai kalla. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana aiki ba intanet: a sa mata Zariya, a ga tsayin wata a faɗuwar rana da ko yana dama ko hagu da inda ta faɗi. Dunƙulen hannu a miƙe kusan digiri 10 ne. Idan tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ba a ganinsa. Idan zai faɗi minti 45 bayan rana, lokacin da ya fi kyau shi ne wajen minti 20 bayan faɗuwarta. Ba a ɗaga tabarau sai rana ta ɓace gaba ɗaya. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Muhammad al-Katsinawi, da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a lissafi da falaki, kuma har gobe akwai manoman da ke ƙirga damina da taurari, kowanne kwana 13. Mai horarwa da ya fara daga nan, da Hausa, zai sami dattawa a sahun gaba.

Ga jami'a da kwalejoji, gajimare da ƙura ba hujja ba ce. Cibiyar Las Cumbres tana da na'urorin hangen nesa a nahiyoyi daban-daban da ake ba umarni ta intanet, tana kuma ware lokaci domin ilmantarwa. Shirin IASC yana raba wa ƙungiyoyin ɗalibai hotuna daga na'urar Pan-STARRS da ke Hawaii su nemi duwatsun samaniya da manhajar Astrometrica, wadda ke aiki a Windows: ana jera hotunan, a nemi ɗigon da ke tafiya a miƙe da haske iri ɗaya, a aika rahoto cikin 'yan kwanaki. Sababbin shiga sukan ɗauki dattin hoto a matsayin dutse, kuma jinkirin data yakan sa wa'adi ya wuce, don haka mutum ɗaya ya sauke hotunan ya raba a filash. Tsohon faifan dish ma na'ura ce ta kama igiyar rediyon da ke fitowa daga rana: da kansa na gaba mai karɓar sigina, da mitar nan ta masu saita tasha, da wutar bolt 13 zuwa 18, a kafe shi gaba kaɗan da rana, nesa da inda taurarin ɗan'adam suke, a riƙa rubuta abin da allura ta nuna duk rabin minti. Rana tana tafiyar digiri ɗaya a minti huɗu, allurar za ta hau ta sauka, kuma hazo bai hana.

Roƙonmu ga shugabannin sassan fiziks da na ilmi a manyan makarantun Zariya shi ne su naɗa mutum ɗaya da zai riƙa bibiyar waɗannan sanarwoyi yana liƙawa, a sauƙaƙa wa ɗalibai fitar da takardunsu, a kuma ɗora wa duk wanda ya je horo nauyin koyar da malaman sakandare idan ya dawo, tare da ba shi aji da lokaci. A ba mata kulawa ta musamman: taron kallo ya fara bayan Magariba ya ƙare da wuri, a cikin harabar makaranta, da malamai mata.

Akwai kuma ranakun da ya kamata a sa a gaba. Da yawa suna tuna kusufin 29 ga Maris 2006 da ya duhunta sassan arewa maso yamma. A 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakken kusufi a Arewacin Afirka, mu kuma za mu ga wani ɓangare idan hadari ya bari, sannan a 20 ga Maris 2034 cikakkensa zai ratsa Najeriya. Baƙin tabarau, da gilashin da aka turara, da fim ɗin hoton asibiti duk ba sa kare ido, kuma ƙunar ba ta zafi a lokacin, sai daga baya a ga tabo. Tabaran kusufi na gaskiya yana ɗauke da lambar ISO 12312-2. Matatar na'ura a bakin gaba ake sa ta. Wadda ake ɗaurawa a gilashin ido takan fashe da zafi. Hanya mafi arha ita ce a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a tari hasken a farar takarda: a nisan mita 1 hoton rana zai kai milimita 9. Malaman da za su tsaya gaban yara a 2027, tun da wuri ya kamata a fara horar da su, a kuma yi odar tabaran tun kafin 'yan kasuwa su cika gari da jabu.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyya,
Samaru, Zariya.